Kafin ka yar da tsohuwar dardumar gidanku, juya bayanta

A nan Yamai in an gama sabon gida ko ana shirin biki, abu na farko shi ne a kwashe tsofaffin dardumai a jibge a zaure ko a ba mai gadi, sai a ruga babbar kasuwa a sawo sabon tapi mai sheƙi ɗan Turkiyya ko Sin. Ni dai abin nan yana ci mini rai wallahi, don cikin waɗanda ake yarwa akwai na saƙar hannu, irin waɗanda kakanni suka zo da su daga Makka tsaraba, wasu ma tun zamanin da ake tafiya hajji ta ƙasa a bi ta Cadi da Sudan.

Ba wai kowace tsohuwa ce mai kuɗi ba fa, dillalan wannan harka sai darduma ta kai wajen shekara 100 suke sa ta a layin kayan tarihi, kuma ko ta kai sai an duba aikin. Juya bayanta kawai. Ta hannu za ka ga ƙulli ɗaya-ɗaya, layin bai miƙe sak ba, zanen ya fito a baya kamar yadda yake a gaba, gezar bakin kuma zaren jikinta ne ba ɗinka ta aka yi daga baya ba. Ta inji komai daidai wa daida, amma shekara kaɗan ta fara zubar da gashi.

Sai rini, nan ne ni nake mutuwa a kansu. Shuɗin daga baba ne irin na marinarmu, ja daga saiwar wani tsiro, rawaya wani lokaci daga ɓawon rumman, shi ya sa launin ba ya koɗewa ya yi muni, laushi yake yi, har ka ga ja ɗaya ya ɗan canja a tsakiya saboda ulun da aka rina ya ƙare an rino wani. Rinin kemikal sai 1856 aka fara shi a Ingila.

Kuma suna daɗewa ba wasa. Wadda aka tono a 1949 cikin wani kabari mai ƙanƙara a Saberiya ta haura shekara 2,000, tana nan a gidan tarihi a Rasha. A 2013 an yi gwanjon wata 'yar Kirman ta Iran a New York, ta wuce dalar Amurka miliyan 33. Darduma guda!

Ta gidanku dai da wuya ta kai ko kusa, kar wani ya fara lissafin mota, amma in ta hannu ce kar a sayar wa mai yawon sayen tsofaffin kaya a jaka biyar. A kakkaɓe ƙurar hunturu, a naɗe ta kar a ninke, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, in ta jiƙe a shanya a inuwa, kuma don Allah kar 'yar aiki ta kusance ta da jabel, ruwan wankin nan mai cinye launi.