Tayar da tsohon famfon kashe gobara na hannu

Famfon da muka yi aiki a kansa yana ajiye ne a wani tsohon ofishin 'yan kwana-kwana a Amurka da aka mayar gidan tarihi. Irinsa ne ake gani a gidan Friendship na birnin Alexandria a jihar Virginia, inda akwai na shekarar 1851. Akwatin katako ne mai taya huɗu, da silinda biyu a ciki, da dogayen sanduna hagu da dama da mutane ke dannawa. Tsarin ya yi kama da na Richard Newsham na Landan, wanda birnin New York ya sayi injinansa biyu a 1731.

Katakon da ya shekara a bushe tsukewa yake yi, ruwan farko da muka zuba a akwatin duk ƙasa ta sha. Muka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har katakon ya kumbura ya toshe kansa, kamar kwalekwale.

Fata ita ce ran injin. Ita ke bakin fistan da ke tura ruwa cikin silinda, ita ce kuma bawul mai hana ruwa komawa baya. In ta bushe ta ƙage, sanda za ta yi ta sauka sakayau ba ɗigon ruwa. Mun jiƙa ta, muka shafa kitsen shanu daidai misali, don in ya yi yawa fatar saki take yi ta naɗe. Kada a kuskura a danna famfon a bushe ko sau ɗaya. A fara cika silinda da ruwa, a duba mahaɗar tiyon zuƙa, domin kafa kamar ta allura ta isa ta sa ya ja iska maimakon ruwa. Rariyar bakin tiyon kuma kada ta zauna cikin laka.

Abin da ya fi burge ni tukunyar iska ce da ke tsakanin silinda biyun. Ruwa na shiga ya matse iskar sama, iskar ta turo shi, sai ya fita miƙe ba tsinkewa. Amma sai hannu ya zo ɗaya: kusan dannawa 60 a minti, mutum guda na ba da amo. Cikin 'yan mintuna ƙarti ke galabaita, dole a tanadi masu karɓa.

Tsohon tiyon fata mai ƙusoshin jan ƙarfe ba mu sa masa ruwa ba, don zai tsage. Na zamani muka ɗaura. Da muka gama muka tsiyaye silinda ƙaƙaf, muka bar murfin akwatin a buɗe ya sha iska a inuwa.