Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da Mdou Moctar ya kaɗa jita a gabana

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda Kawu ya samo mini aiki a wani shagon kayan abincin Afirka a unguwar Bronx ta birnin New York, ina sauke buhunan shinkafa da jarkokin manja tun sassafe har a rufe shago. Yau zan ba ku labarin dare guda cikin shekarar 2019, daren da har yanzu in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Amma sai mun koma Tawa tukuna, don can abin ya samo asali.

Kafin cacar bizar Amurka ta faɗo kaina, sana'ata tura waƙoƙi ce. Ɗan tebur ne da laima a bakin tasha, da tsohuwar kwamfuta wadda sai an ɗora mata tsumma mai ruwa in rana ta take. Mutum zai miƙo memori ya ce a cika masa, wani wa'azi yake so, wani waƙoƙin fim ɗin Kano, wani Ɗan Maraya ko Shata, direbobin hanyar Agadas kuwa jitar Buzaye suke nema. Mu ma daga wayoyin mutane muke kwasar sababbin waƙoƙi. Yawancinsu ba suna, ba hoto, lamba ce kawai.

Haka wata waƙa ta shigo hannuna daga wayar wani yaron mota da ke bin hanyar Abalak. Muryar an matse ta da na'ura, irin yadda ake yi wa waƙoƙin fim ɗin Hausa, gangar ma ta kwamfuta ce, amma harshen Buzanci ne, kuma a ƙarƙashi akwai jita tana yawo. Ban taɓa jin an haɗa waɗannan biyu ba. Sai daga baya na san mai waƙar sunansa Mdou Moctar, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan jiharmu ta Tawa, kuma a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙin a 2008. Shi ya sa suka fito da kamannin Hausa. Ba kamfanin da ya tallata su. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya har Mali. Can a Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani faifai da ɗan ƙaramin kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya bazama neman mai muryar har ya same shi.

A fadarmu, in an ɗora shayi bayan Isha, waƙoƙinsa muke sawa. Labarinsa kuwa kowane yaro ya haddace: gidansu gidan addini ne, ba a yarda da kiɗa ba, ya ga makaɗin jitar Buzaye Abdallah Oumbadougou yana wasa, ya koma ya sassaƙa jitarsa da katako, ya ɗaura mata wayar birkin keke. Duk da haka, ban taɓa ganinsa ido da ido a Nijar ba. Shi yana Agadas yana bukukuwan aure, ni ina tsare da tebur.

To, a nan Amurka makaɗan jita kashi biyu ne. Akwai na manyan kamfanoni, masu cika filin ƙwallo. Akwai kuma masu cin gashin kansu, waɗanda ƙananan kamfanoni ke fitar wa faifai, suna zaga gari-gari cikin motar haya guda, su ne 'yan dako, su ne masu sayar da kayansu, yau su kwana a otal mai arha, gobe a falon wani masoyi. Cikin wannan kashi na biyu Mdou ya shiga. A farkon 2019 ya fitar da faifan Ilana, wanda suka ɗauka a birnin Detroit shi da cikakkiyar ƙungiyarsa, suka fara zagaye da shi. A Facebook na ga sanarwar za su yi wasa a wani ɗan ƙaramin wuri a Brooklyn. Kuɗin shiga bai kai abin da nake samu a rabin yini ba.

Sauran aiki shi ne Kawu. Na bari sai da ya ci tuwo ya wanke hannu.

"Kawu, ina neman izini. Yau da dare zan je Brooklyn."

"Wa gare ka a Brooklyn?"

"Wani ɗan Nijar ne zai yi wasa. Buzu ne, mai jita."

Ya daɗe yana kallona. Kawu ya yi shekaru yana tuƙa tasi a garin nan, ba lungun da bai sani ba.

"Irin wuraren nan giya ake sayarwa a ciki, ka sani?"

"Na sani, Kawu."

"Kai ɗan nan, uwarka amana ta ba ni. Ban karɓe ka don ka bi makaɗa ba."

Na sunkuyar da kai ban ce komai ba. Can ya nisa ya ce, "Ka yi Isha kafin ka fita. Ruwa kaɗai za ka sha, kuma wanda aka buɗe a gabanka. In jirgi ya ɓace maka ka kira ni, ina kan hanya har asuba." Allah ya saka wa Kawu da alheri. Mutum ne mai tsanani, amma ya san kewar gida, shi ma ta taɓa cinsa.

Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 4, na sauka Union Square na canja zuwa L. Sanyi bai gama tafiya ba. Unguwar duk tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya ne, bango cike da zane-zane. A bakin ƙofa wani ƙato ya duba katina don ya tabbatar na haura shekara 21, ya buga mini hatimi a bayan hannu.

Ɗakin dogo ne, rufinsa ƙasa-ƙasa, fentin baƙi. Ba zai ɗauki fiye da mutum 300 ba, su ma a tsaye. Dandamalin kuwa bai wuce gwiwata ba, ba shinge, ba ɗan sanda. Na ratsa har gaba na tsaya dab da lasifika. Galibin mutanen Turawa ne, samari da 'yan mata da wasu dattawa masu furfura sanye da baƙaƙen riguna. Baƙar fata ba mu da yawa. Sai na hangi wani mutum a gefe ya naɗa rawani shuɗi, yana tare da matarsa. Na matsa na yi sallama, ya amsa da Hausar Agadas. Ashe daga jihar New Jersey suka tuƙo mota. Nan take muka zama 'yan uwa.

Bayan wasu yaran gari sun buɗe fage, sai ga su sun fito ta cikin mutane, don babu wata ƙofar baya. Mdou dogo, cikin babbar riga da rawani, da farar jitarsa ta Fender a rataye, bahago ne. Ahmoudou Madassane riƙe da jita ta biyu. Souleymane Ibrahim ya zauna kan ganguna. Sai Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa jitar bas, shi ma cikin riga irin tasu. Ba dogon jawabi. Mdou ya ɗan murɗa kunnuwan jitar, ya kalli sauran, suka fara.

A hankali suka soma, irin takun takamba, yana tsinkar waya ɗaya-ɗaya. Daga inda nake ina ganin yatsunsa sarai. Ba ya amfani da ɗan robar da makaɗan Turawa ke kaɗa jita da shi. Ɗan yatsansa manuni ne ke sharar wayoyin sama da ƙasa, da sauri har ido ba ya iya binsa, ɗaya hannun kuma yana tsalle kan wuyan jitar, yana danna waya yana saki, sauti biyu-uku na fita daga bugu guda. Ahmoudou bai ko motsa ba. Zance ɗaya jitarsa ke maimaitawa, minti biyar, minti goma, fuskarsa a rufe sai idanu, kuma a kan wannan zance ne duk sauran suka ɗora ƙafa. Mutane da yawa Mdou kawai suke kallo, amma wanda ya taso yana jin kiɗan nan ya san in ka cire mai jita ta biyu ginin rushewa zai yi.

Sai Souleymane mai ganga ya fara ƙara wuta. Ba za ka ce ga inda ya ƙara ba, sai dai ka ji ƙirjinka na bugawa da sauri. Ganga da bas da jita ta biyu suka shiga juna kamar mata uku na lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka inda wata ta tashi, ba mai karo da wata. Da abin ya kai maƙura, Mdou ya taka wani ɗan akwati a ƙasa, jitar ta yi wata ƙara mai kaushi, ya matso har bakin dandamali, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan jitar. Rawanin ya zame, ya bayyana yana murmushi, yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya cikin ido.

Nan matar mutumin Agadas ta rangaɗa guɗa.

Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Tun da na sauka ƙasar nan ban ji guɗa ba. Turawan da ke kusa suka waiwayo, wasu suka gwada kwaikwayonta, ɗaki ya ɗauki sowa. Mijinta ya zaro takardar dala, ya ɗaga ƙafa ɗaya kan dandamali ya liƙa wa Mdou a rawani. Ni ma na zaro tawa na bi bayansa. Ƙaton bakin ƙofa ya taso zai hana, ya ga makaɗin da kansa ya sunkuyo da kai, sai ya koma. Wani dattijon Bature da ke gefena ya tambaye ni cikin kunne me ake yi. Na ce haka muke gode wa makaɗi a gida. Ya laluba aljihu shi ma. Muka fara tafi irin namu, mai tsallake bugu, mutanen layin gaba suka kalli hannuwanmu suka ɗauka. Kafin waƙar ta ƙare ɗakin ya koma gidan biki.

Abin da na riƙe daga daren ke nan, kuma a kansa ba na ja da baya: kiɗan nan na kusa ne. A Agadas a kan tabarma ake yinsa, a tsakiyar titi, da janareta da lasifika mai tsatsa, yara sun kewaye, babura sun haska fitilu, makaɗi na ganin wanda ya taso rawa ya ƙara masa wuta. Mdou yana karanta fuskokin mutane ne yana kiɗa. In ya ga an gaji ya sassauta, in ya ga an kama ya ja waƙa ɗaya ta yi kwata na awa. Ƙaramin ɗakin nan ya ba shi damar yin haka. Daga baya ya koma kamfanin Matador, ya fitar da faifan Afrique Victime a 2021, ya fara hawa manyan dandamali a gaban dubban mutane. Na yi masa murna ƙwarai, don mutum ne da ke haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi da abin da yake samu, kuma yanzu duniya na jin abin da yake faɗi kan ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit amma yawancin mutanenta na kwana cikin duhu. Sai dai duk wanda ya gan shi daga nesa ta allon bango, tsakaninsu da shinge da masu gadi, rabin abin ya gani.

Ba na jin Buzanci sai 'yan kalmomin ciniki, Turawan nan kuwa ko ɗaya ba sa ji. Amma dattijon da ke gefena ya san sunan kowane faifai da shekarar fitarsa, ya san sauran makaɗan jitar Buzaye irin su ƙungiyar Tinariwen da Bombino, har ya tambaye ni ko Agadas ta fi kusa da Tawa ko da Damagaram. A shago, in na ce daga Nijar nake, sai a ce Najeriya, in gyara, a sake cewa Najeriya. A ɗakin nan ba wanda na yi wa gyara. Jitar wani yaron da aka hana kiɗa ce ta yi mana wannan aiki.

Da aka tashi, su da kansu suka naɗe wayoyinsu, suka kinkimi lasifikoki zuwa motar da ke bakin titi. Sannan suka dawo wajen wani ɗan tebur da aka jera faya-fayai da riguna. Na bi layi. Da na iso na miƙa wa Mdou hannu biyu, na gaishe shi da Hausa, na ce daga Tawa nake, kuma na yi shekaru ina tura wa mutane waƙoƙinsa a bakin tasha. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na sayi riga guda don ƙanena, wanda ya gaji teburina da tsohuwar kwamfutar, har yau yana sa ta ranar kasuwa.

Mutumin Agadas ya rage mini hanya zuwa tashar jirgi, muka yi musayar lamba. Ku riƙe wannan mutum a ranku, don shi ne daga baya ya raba ni da ɗaukar buhu.

Na isa gida wajen ƙarfe 2 na dare, kunnuwana na ta ƙugi. Na yi zaton Kawu yana kan hanya da tasinsa, sai na tarar da fitilar falo a kunne, yana zaune kan dadduma da waya a hannu, ko takalmin aiki bai cire ba.

"Ka dawo? Zauna. Yayarka ta kira daga Tawa. Maganar filin mahaifinku ce."

Abin da ya faɗa mini, da dalilin da ya sa washegari na nemi bashin kuɗin jirgi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.