Abin da bin 'yan majalisa kan kuɗin haya ya koya mini

Aikin sa kai ne, ko kuɗin mota daga aljihunmu yake fita. Muna bin 'yan majalisa ne domin a sassauta wa ƙaramin ma'aikaci wahalar muhalli a Abuja, inda mai gida kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ga na dillali, ga na lauya.

Ɗan majalisa ba ya rasa masu kawo masa kuka. Idan ka ce masa haya ta yi tsada, zai ce Allah ya kawo sauƙi, ku rabu lafiya. Amma ka miƙa masa takarda shafi guda, mai ɗauke da sashen dokar da kake so a gyara da kalmomin da za a sa a madadinsa, sai ka ga ya kira hadiminsa. Hadimin nan da akawun kwamiti su ne ƙashin bayan aikin. Su suka san ranar sauraron ra'ayin jama'a, su suka san inda takarda ta kwana.

A 2022 ƙudurin Sanata Smart Adeyemi na taƙaita karɓar kuɗin haya a gaba ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa. Mutane suka yi ta murna kamar an gama, alhali karatu na biyu ƙofar kwamiti ce kawai. Wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a 2023 bai zama doka ba.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai kuwa na iyaka ne. Ƙudurin nan Babban Birnin Tarayya kaɗai ya shafa. To, masinja da direba da mai shara da ke yi wa Abuja hidima, ina suke kwana? Da yawansu a Mararaba da Masaka, cikin jihar Nasarawa, ko Suleja ta jihar Neja. Na Nasarawa tun asuba suke cikin cunkoson hanyar Nyanya. Ko da an sa wa ƙudurin hannu, mai gidansu bai shiga ciki ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma a hannun gwamnoni ta danƙa filayen jihohi. Legas da kanta ta yi dokar hayarta a 2011.

Shi ya sa yanzu takardunmu majalisun jiha na Lafiya da Minna suke fara zuwa, kuma mai hayar mazaɓar ne ke yin bayani da bakinsa, rasit ɗinsa a hannu.