Rijiyar Yusuf da baƙina

Karatu ya kawo ni Alƙahira, yawo da baƙi ya zaunar da ni. Tun ina ɗalibi a Azhar, duk wanda ya taso daga gida neman magani ko sarin kaya sai a ba shi lambata, in raka shi asibiti, in yi masa tafinta. In likita ya ce a dawo jibi, sai baƙo ya ce, "To malam, zama za mu yi a ɗaki kamar amare?" A haka sana'ar ta tsiro. Yau ina da ƙananan motocin bas biyu, direbobi biyu 'yan Masar, da ƙanena mai riƙe waya da lissafi.

Bayan dalar Giza, ba inda muka fi zuwa kamar Ƙal'ar Salahuddin, kagarar Sarki Salahuddin na Masar da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam. Da sassafe muke fita, kafin cunkoson titin Salah Salim ya kama mu, kafin kuma rana ta buɗe. Nakan tanadi ruwan sanyi da kujerar ninkewa, domin rabin baƙina dattawa ne, wani ma ko sati bai yi da cire zaren tiyata ba, ga hanyar hawa ce. Ribar ba ta taka kara ta karya ba. Tikitin ɗan waje ya fi na ɗan ƙasa tsada nesa ba kusa ba, sai na yi ta rantsuwa cewa ba ni na ƙara ba. Akwai kuma wani dillali a gida da ya turo mini mutum goma sha ɗaya, ya ce kuɗin na tafe. Har yau suna tafe.

Abin da ke damuna shi ne kowa da ya shigo, sai ya nufi babban masallacin nan mai ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi, ya ɗau hoto ya aika gida, wai ga masallacin Salahuddin. Ba nasa ba ne. Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar na lokacin, ya fara gina shi a 1830, fiye da shekara ɗari shida bayan rasuwar Salahuddin. Muhammad Ali ne kuma ya gayyaci manyan Mamluk, wato sarakunan yaƙi 'yan asalin bayi, biki a nan a 1811, aka ritsa su a lungun da ke gangarawa ƙofar Babul Azab aka harbe su.

Aikin Salahuddin yana can inda ba a waiwaya, wato ganuwa. A 1176 ya ba da umarnin ginin, ya danƙa wa bawansa amintacce, Baha'uddin Ƙaraƙush. An kwaso duwatsu daga ƙananan dalolin Giza, aka sa fursunonin yaƙin 'yan Salibiyya sassaƙa da dako. Har gobe in Bamisire ya ga an yi hukuncin kama-karya sai ya ce "hukmu Ƙaraƙush". Ni dai ina ganin an ci zalin mutumin, don ganuwarsa na nan tsaye. Shi kuwa Salahuddin bai zauna a ciki ba. Ya bar Masar a 1182 bai sake komowa ba, ya rasu a Dimashƙa a 1193. Ɗan ɗan'uwansa, Alkamil, shi ya tare wajen 1207, daga nan ta zama fadar mulkin Masar har zamanin Isma'il Basha, da aka koma fadar Abidin.

In na ga baƙi masu haƙuri ne, nakan ja su masallacin Sarki Annasir Muhammad, na 1318, in nuna musu ginshiƙansa, kowane da kamarsa, don daga tsofaffin gine-gine aka tsinto su. A nan nake faɗa musu cewa Mansa Musa na Mali ya hau wannan tudun a 1324, a hanyarsa ta hajji, ya gana da wannan sarkin. Nan take za ka ga ƙirji ya buɗe.

Amma rigimata kullum a kan rijiya take. Ƙaraƙush ya huda dutse wajen mita 90, hawa biyu, da hanya mai zagayawa da shanu ke bi su sauka tsakiya, su juya keken ɗiban ruwa, don in an yi wa kagarar ƙawanya kada ƙishirwa ta ci masu gadi. Sunanta Bi'iru Yusuf. Yawanci a rufe take, daga waje muke tsayawa.

Wata rana wani dattijo daga Damagaram, da jin sunan, sai ya cire takalmi, ido ya ciko.

Na ce, "Baba, ba ta Annabi Yusuf ba ce. Sunan Salahuddin na yanka Yusuf bin Ayyub, shi ake nufi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, kai da ka yi Azhar?"

"Wallahi Baba, tsakaninsu dubban shekaru."

Ya yi shiru, ya mayar da takalminsa ɗaya. Sai ya ce, "To shi wannan Yusufun, ba shi ya karɓo Ƙudus ba?"

Na ce shi ne, a 1187.

Ya sake cire takalmin, ya ɗaga hannu ya ce mu shafa. Direba na ta doka mini waya daga ƙasa, muka bar shi yana jira.