Motar Yaya ta lantarki, a gyara ko a sallama?

Tun bayan babbar sallah ake wannan muhawarar a gidanmu, kuma da yake ni ake wa kallon ɗan gidan da ya san waya da kwamfuta, duk abinda ke da caja a jikinsa ni ake turo wa. Motar Nissan Leaf ce ƙirar 2013, fara, 'yar Amurka, Yaya ya saye ta tokumbo bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da kowa ke neman hanyar da zai daina gaisawa da gidan mai. Kuma gaskiya ta yi masa aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba ƙara, in ta shigo lungu sai yara sun ganta da ido sannan su watse. Daga Kabuga zuwa shagonsa a Kwari ya dawo, a kai yara makaranta a ɗauko su, cajin dare ɗaya ya ishe shi har da ragowa.

Yanzu kuwa in ya kuskura ya kunna esi da rana toh sai dai addu'a. Akwai wani ɗan kunkuru ruwan ɗorawa da ke fitowa a allon gaban direba, in ka ganshi motar ta rage wa kanta ƙarfi kenan, kana taka totur tana rarrafe. Ya taɓa fito masa a kan gadar Ƙofar Nasarawa ana tsakar rana, 'yan adaidaita suna ta danna masa hon a baya, wani yana leƙowa yana cewa Alhaji a sa mata mai mana. Ranar ko abinci bai ci ba ya kira ni yace kai, zo ka duba min abin nan, in gyara ne a gyara in sayarwa ce a sayar.

Bari in yi bayanin allon nan don duk wanda zai taɓa Leaf a nan maganar take. A ɓangaren dama akwai layuka kashi biyu. Dogayen su ne cajin da ke ciki yanzu, suna hawa suna sauka kullum. Sai wasu 'yan gajeru sirara a can gefe, guda 12, su ne lafiyar batirin kansa, kuma in ɗaya ya tafi ya tafi kenan. Na farko yana ɓacewa in batirin ya rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, daga nan kowanne kashi 6 da 'yan kai. Ta Yaya saura 7. Wato batirin da aka ƙera da kilowat-awa 24, wanda yana sabo yake kai mutum wajen kilomita 120, yanzu rabi da ɗan ɗori yake riƙewa. Ko Wudil ba ya yarda ya nufa da ita, balle Zariya.

Mutane da yawa sun ɗauka caja ce ta lalata shi ko wutarmu mai hawa da sauka. Babban mai laifin zafi ne. Batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi kamar na Tesla ko Chevrolet Volt, a rufe yake ruf cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujeru, zafin da ya shiga sai dai ya fita a hankali da kansa. Tun 2012 masu motar a jihar Arizona ta Amurka, wadda ita ma gari ne na rana, suka fara kuka cewa layukansu suna zubewa da wuri, magana ta je har kotu, kamfanin ya ƙara garanti na shekara 5 ko mil 60,000 in layuka suka yi ƙasa da 9. Mu da motar ta iso mana tana da shekara goma wane garanti kuma. Sannan ka ɗauko ta ka kawo Kano inda Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40, ka ajiye ta a rana tun safe har la'asar a bakin kasuwa, ƙasa na turiri sama na turiri.

Akwai kuma wani abu da yake namu ne mu kaɗai. Batirin litiyam ba ya son a cika shi fal a bar shi zaune cikin zafi, shi ya sa ƙirar 2013 ma tana da saitin da za ka ce ta tsaya a kashi 80. Amma fisabilillahi wane Bakano ne za a kawo wuta ƙarfe ɗayan dare ya ce a'a kashi 80 ya ishe ni, alhali bai san yaushe za a sake kawowa ba? Kowa cikawa yake. Yaya ma haka yake yi, ban ga laifinsa ba.

Toh maganar gyara. Bakanikenmu na gida mutumin kirki ne, ya buɗe bonet ya duba ya rufe yace Oga wannan ba hurumina ba ce, in birki ne ko shokozoba ko ƙafa kawo, amma batir ku nemi masu shi. Na ji daɗin wannan amsar. Wanda ya ba ni tsoro wani mai wayarin ne da aka yi mana kwatancensa, ko ganin motar bai yi ba yace zai sauke ya buɗe, ai batir batir ne. Jama'a abin nan wutar cikinsa wajen bolt 360 ce, duk wayar da ka gani ruwan lemo a jikin motar kisa take yi, ba irin batirin mota na yau da kullum mai bolt 12 ba ne. Akwai fulogin da ake zarewa a tsakiyar ƙasan motar ya raba wutar, akwai safar hannu ta musamman, wanda bai san da waɗannan ba kada ka bar shi ya sa sifana. Na zaga Ƙofar Ruwa ma don kar a ce ban je ba, fitila da madubi da gilas za a iya nemo maka, da na ambaci batirin sai aka fara nuna min shagon masu inbata.

Abinda ya raba gardama wata 'yar na'ura ce da ake soka wa a ƙasan sitiyari, wadda masu sikanin mota ke amfani da irinta, sai ka haɗa ta da manhajar LeafSpy a waya. A cikin akwatin nan akwai faranti 48, kowanne da ƙwaya 4, jimla 192, kuma manhajar tana nuna maka su bibbiyu a jere kamar sanduna. In ka ga duk sun yi kai ɗaya sai guda ɗaya ko biyu sun nutse ƙasa, toh ka yi sa'a, don batirin tafiyar ayari yake yi, saurin gurgun raƙumi kowa ke bi, in aka canza farantin da ya gaza da wani mai kusan ƙarfin sauran motar tana iya farfaɗowa. Namu da muka duba sandunan nan sun jeru reras, ba wanda ya fi wani lalacewa. Tsufa ne ya kama su gaba ɗaya. A irin wannan ko ka canza faranti biyar kuɗinka ka zubar, tsofaffin ne za su ci gaba da yanke hukunci.

Saura canza batirin ɗungurungum. Ana yi, a ƙasashen waje ma har na ƙirar 2018 mai kilowat-awa 40 suke ciro wa daga motar da ta yi haɗari su ɗora a tsohuwa, da wata 'yar na'ura da ke sa kwamfutar motar ta karɓe shi. Amma abu ne mai nauyin kusan kilo 300, kuma a wajen masu jiragen ruwa da na sama batirin litiyam yana cikin kaya masu haɗari, da takardunsa da kuɗinsa daban, ga dala ga kwastan ga ɗauko shi daga Legas ga wanda zai ɗaura, da na buga lissafi sama-sama sai na ga ya haye kuɗin motar kanta. Kuma ko ya zo, wannan ranar dai zai tarar.

Sai muka juya wajen sayarwa, a nan ne na ga abin mamaki. Dillalin da ya zo ya zagaya motar ya ƙwanƙwasa bodi yace fenti na asali ne, ya leƙa allo ya ƙirga layukan da yatsa, sai ya ja Yaya gefe yace ranka ya daɗe akwai yaron da zai goge mata ƙwaƙwalwa, layukan nan duk su dawo 12, mu sayar da daraja. Kuma gaskiya ne ana iya yi, in aka goge abinda kwamfutar batirin ta haddace sai ta nuna kamar sabo, ta ɗau makonni tana sake gane gaskiya, layukan su zube ɗaya bayan ɗaya a hannun wanda ya saya. Yaya yace masa Malam wannan ai algus ne, ni a Kwari nake, in na ɓoye aibin atamfa gobe da wane ido zan kalli mutum, balle mota. Dillali yace toh Allah ya kawo kasuwa, ya hau babur ɗinsa.

Don haka kai mai shirin saye, layuka 12 a motar da ta haura shekara goma abin tuhuma ne, kada ya burge ka. Ka sa a cika ta, ka shiga da kanka ku yi tafiya mai nisa da esi a kunne, ka ga kilomita nawa ta ci kafin caji ya kai rabi. Ka duba cajar ma, don wadda ke zuwa da 'yan Amurka na wancan zamanin ta wuta mai bolt 120 ce, mu kuma tamu 230, in aka soka ta kai tsaye ƙonewa take.

Tayin da ya fi kowanne ma'ana daga wani mai haɗa sola ya zo, shi motar ma ba ta dame shi ba. Ya zauna a kan benci ya zana mana a bayan kwalin sigari: kowane faranti wajen bolt 7 da rabi ne, in ka jera 7 ka samu abinda inbata mai bolt 48 ke so, daga faranti 48 kenan za a fitar da jeri 6 har a yi ragowa. Batirin da ya gaza tura mota a kan gada yana nan da kilowat-awa 13 ko sama da haka, alhali babban batirin inbata na ruwa mai amfiya 200 da muke saye da tsada kilowat-awa 2.4 ne a rubuce, kuma rabi ake so ka sha in kana son ya yi ƙarko. Fanka, firji, fitilu, talabijin, ai wannan ba aiki ba ne a wajensa. Sharaɗin dai dole a sa masa na'urar da ke lura da cajin kowane jeri, a ajiye shi inda iska ke shiga nesa da ɗakin kwana, don wutar litiyam in ta tashi bokitin ruwa ba ya kashe ta. Matsalar kawai da zarar an cire batirin, ragowar motar ta zama ta 'yan gwangwan da masu neman fitila da ƙofa.

Abin yana ba ni haushi ta wani ɓangaren. Ana ta maganar motar lantarki a ƙasar nan, an ƙaddamar da Hyundai Kona da aka haɗa a Legas a 2020, hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci lokacin shugabancin Jelani Aliyu ta buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, a Maiduguri Mustapha Gajibo yana mayar da bas-bas na fetur su koma lantarki, duk abin a yaba ne. Amma tokumbo suna ta shigowa da batiran da suka riga suka ci rabin rayuwarsu, kuma yaran da za su iya buɗe su lafiya su gwada su jera su, su ya kamata a fara horarwa tun yanzu. Yaran Farm Centre da ke tayar da matacciyar waya in aka koya musu tsaron wutar nan wallahi za su iya.

Ni dai shawarar da na ba Yaya ita ce kada a zuba ko sisi a gyaran batirin nan, kuma kada a yi gaggawar karyar da ita. Ko da kuɗin wutar Band A mafi tsada da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, cika ta a yadda take yanzu 'yan dubbai kaɗan ne, ka gwada da litar da Corolla za ta sha a kilomita 50 ka gani. Anti ma ita ta fi kowa ƙin a sayar, tace ita makarantar yara da gidan Hajiya da asibiti kawai take zuwa, me za ta yi da kilomita ɗari. Yanzu an mayar da saitin kashi 80, an buga mata rumfar kwano a tsakar gida, mukulli ya koma hannun Anti, Yaya kuma ya koma hawa tsohuwar Corollarsa yana mita a layin mai. Mai sola yace in layi na bakwai ya tafi a kira shi, amma a sani kuɗin ba zai kai na yau ba.