Godiya ga malaman da suka horar da mu kan sikanin masu juna biyu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an kammala horon sikanin ciki lafiya. A madadin likitocin da suka halarta, muna miƙa godiya ga manyan likitocin mata da na sashen hoto, waɗanda suka bar ayyukansu suka tsaya a kanmu har kowa ya iya riƙe kan na'ura, wato abin da ake gogawa a kan ciki, yadda ya kamata.

Abin da suka fi nanata mana shi ne, awon da aka yi a wurin da bai dace ba ya fi rashin awo haɗari, domin a kansa za a yanke shawara. Lissafin kwanakin ciki ya fi inganci tsakanin mako 11 da 14, lokacin da tsawon ɗan tayi daga ƙoƙon kai zuwa mazaunai yake milimita 45 zuwa 84. A wannan lokaci kuskuren bai cika wuce mako guda ba, amma a wata na takwas yana iya kai wa mako 3. Don haka ranar haihuwar da sikanin farko ya tsayar ba a canza ta saboda wani na baya. A wajenmu wannan babban abu ne, saboda mata da yawa na samun ciki suna shayarwa, ba su ga al'ada ba balle su riƙe rana. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki sikanin aƙalla sau ɗaya kafin mako 24.

Mun gode da haƙurin da suka yi da mu a awon zagayen cikin jariri, inda hannu ya fi kaucewa. Dole a ga tumbi da jijiyar cibiya inda take lanƙwasa cikin hanta, kuma kada ƙoda ta bayyana. Idan aka karkata kan na'ura, hoton zai fito a miƙe maimakon zagayayye, adadin ya ƙaru, nauyin da na'ura ta lissafo ya zama ƙarya. Ta haka jaririn da bai girma sosai ba ke wucewa ba a gano shi ba, ko a shirya wa mace tiyata kan jaririn da ba shi da girman da aka ce.

Mabiyiya ma haka. Mafitsarar da ta cika fal tana danne ƙasan mahaifa, sai mabiyiya ta yi kamar ta toshe baki. A bar mace ta yi fitsari a sake dubawa. Mabiyiyar da aka gani ƙasa da santimita 2 daga bakin mahaifa a mako 20, a sake duba ta wajen mako 32. Yawancinsu sun hau sama kafin nan. Kuma ba a cewa ciki ya lalace sai ɗan tayi ya kai milimita 7 ba bugun zuciya, ko jakar da ɗan tayi ke zama a ciki ta kai milimita 25 babu kowa a ciki. In bai kai ba, a dawo da ita bayan mako ɗaya ko biyu. Gaggawa a nan na iya sa a wanke cikin da ke raye.

Tagwaye kuwa, kafin mako 14 aka fi gane ko mabiyiya ɗaya suke rabawa, kuma masu mabiyiya ɗaya su ne ke buƙatar sikanin kowane mako biyu daga mako 16.

Godiya ga ungozomomin da suka tsara layi suka kwantar wa mata hankali, da injiniyan da ya riƙe janareta duk lokacin da wuta ta ɗauke. Godiya ta musamman ga iyayenmu mata da suka yarda aka koya a kansu, suka kwanta tsawon lokaci muna nema muna rasawa. Tambayarsu ta farko, kamar kullum, mace ne ko namiji. Amma sun saurara da aka fara bayyana musu wurin mabiyiya da yawan ruwa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ƙara musu ilimi da lafiya. Iyayenmu kuma Allah ya sauke su lafiya, ya raya abin da za su haifa. Amin.