Maki ɗaya da ya raba ni da Baba

Makon jiya na miƙa makullin akwatina a kulob, bayan shekarun da na yi ina tuƙa Sonar, jirgin ruwa mai filafilai, a tseren nakasassu a gaɓar kudancin Ingila. Kafaɗa ce ta gaza. Yaran da suka shigo bayanmu sun roƙe ni in rubuta musu abin da na koya, amma da na zauna, abu guda ne ya tokare mini ƙirji: yadda muka sauke Baba daga jirgi a 2015.

Duk wanda ya yi wasan nan ya san lissafin. Sonar mutum uku take ɗauka, kowa da makin da masu tantancewa suka ba shi, daga 1 zuwa 7, mai nakasa mafi tsanani shi ke da 1. In an haɗa na ukun, kada ya haura 14. Ni da shan inna ta shanye wa ƙafafu tun ina yaro a Kano, maki 3 gare ni. Na tsakiya 4. Baba 7, don ƙafa ɗaya ya rasa daga gwiwa zuwa ƙasa. Cif-cif muke. Baba Bature ne, tsohon masunci, ya ba ni kusan shekara ashirin, shi ya sa na laƙaba masa sunan, shi kuma ya amsa. Shekara huɗu igiyar filafilin gaba tana hannunsa. Ban taɓa buƙatar in ce masa zan juya ba. Da ya ji yadda jirgin ya kwanta, ya riga ya saki igiya.

A Janairun 2015 kwamitin wasannin nakasassu na duniya ya cire tseren jiragen ruwa masu filafilai daga wasannin Tokyo na 2020. Wasannin Rio na 2016 suka zama ƙofar ƙarshe, hankalin kowa ya tashi, har irinmu da muka san gurbin ƙasa jirgi ɗaya ne, kuma yana da masu shi. Ana cikin haka aka sake tantance ni, aka ce ƙarfin bayana da hannuwana ya wuce na mai maki 3, aka mai da ni 4. Muka zama 15.

Koci ya ja ni ɗakin ajiye kaya, ni kaɗai. Ya ce ya samo wani matashi mai maki 6, ga ƙarfi ga kuɗin mai ɗaukar nauyi a bayansa. "Kada ka gaya wa tsohon, ni zan yi masa magana." Na ce to.

Bai yi masa maganar ba. Ranar Asabar Baba ya yi tuƙin awa biyu, ya sa rigar ruwa, ya tsaya gaban allon sanarwa yana neman sunansa. Sai ya juyo ya dube ni. "Ka sani?" Na ce na sani. "Tun yaushe?" Na ce kwana tara. Bai ƙara cewa uffan ba. Ya kama ni ya sauke ni daga keke zuwa cikin jirgi kamar yadda ya saba, ya gyara mini ɗamara, sannan ya kama hanyar motarsa.

Na daɗe ina ɗora wa koci laifin duka, kuma har gobe ina ganin abin da ya yi rashin mutunci ne. Amma makin nawa ne ya ƙaru, ba na Baba ba. Ga jirgin 2.4mR na mutum ɗaya a ajiye a kulob, da na koma can an nemo wani matuƙin. Ko da ban yi hakan ba, ai da na ce sai mun zauna mu uku kafin a rubuta suna. Kwana tara ina da lambarsa a waya. Son kujerata ne ya rufe mini baki.

Matashin ba shi da laifi, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa. Sai dai a duk juyi sai na ɗaga murya, kafin ya ji ya saki, jirgi biyu sun shige mu. Haka kakar ta ƙare. Ku dubi John Robertson da Hannah Stodel da Stephen Thomas: su ukun nan suka wakilci Birtaniya tun daga Athens a 2004 har Rio a 2016, kuma a wannan shekarar ta 2015 suka ci kofin duniya. Mu kuwa muka wargaza ginin shekara huɗu a zaman minti goma.

Sauran darussan gajeru ne. Ku san ranar da za a sake duba makinku, ku shirya mata tun da wuri. Kada ku tsaya daidai kan 14 ba tare da shirin ko-ta-kwana ba. In koci ya ce "ni zan gaya masa", ku ce a kira shi yanzu, kuna zaune. Wannan kocin yana nan yana horar da wasunku.

Baba bai sake shiga gasa ba. A 2023, da labari ya zo cewa wasan ba zai dawo a Los Angeles a 2028 ba, na kira shi na nemi gafara, bayan shekara takwas. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji. Ya tambayi kafaɗata, na tambayi jikokinsa. Ban ce ya zo mu fita ruwa ba, shi ma bai ce ba.